Kafin Kaka Ta Danna

A ƙauyenmu na masaƙa, ƙasan duwatsun Oaxaca,
daren Talata, wake na tafasa a kan garwashi,
na zo wa kakata Eufemia da albishir a tafin hannu:
"Ga manhaja, Kaka, kyauta ce.
Ki ɗau hoton bargon ulunki, ki ɗora,
masu saye har daga bayan teku za su gani.
Abu ɗaya ya rage, wannan ɗan koren akwati
da aka rubuta Na amince. Danna kawai."

Ta ajiye zare, ta goge tabarau da bakin mayafi.
"Na amince da me?"
Na ce, "Rubutu ne dai, ba mai karantawa,
ko malamin makarantarmu tsallakewa yake."
Ta ce, "To, yau an samu mai karantawa. Jawo kujera."

Shafi goma sha tara.
Harufa mitsi-mitsi, kamar kiyashi sun tarar da sukari.
Na fara da gudu, ta ce in taka sannu,
ba kare ke bin mu ba.

A shafi na huɗu suna son duk lambobin cikin wayarta,
har ta ungozoma, har ta limamin coci.
"Me Fada Anselmo ya saƙa da za su saya?"
A na tara, duk hoton da ta ɗora ya zama nasu,
su buga, su sayar, su ba wanda suka ga dama,
ba wa'adi, ba ko sisi.
Ta dubi bargon da ke kan masaƙa,
zanen walƙiyar nan da ta gada wurin uwarta,
ja na ƙwaro, shuɗi na baba.
Ba ta ce uffan ba.
Wake ya fara kamu, ba wanda ya tashi.

A na sha uku, ashe kyautar ta kwana talatin ce,
daga nan kuɗi zai riƙa zurarewa daga asusu
shiru, kamar ruwa a tsagaggen tulu.
Ƙofar shiga ga ta wangwame,
ta fita kuwa sai ka bi lungu bakwai.

Nan ta dafa gwiwata.
"Citlali, kin san gonar bayan rafi,
wadda yanzu aka zagaye da waya mai ƙaya?
Ta kakanki Nicanor ce.
Wani mai farar hula ya zo da buhun taki biyu, kyauta,
da takarda, wai shaidar an karɓa ce kawai.
Bai iya karatu ba, kunya ta hana shi tambaya,
ya dangwala babban yatsa a tawada.
Kwana uku tawadar ta wanke.
Gonar, shekara arba'in ke nan, ba ta dawo ba."

Na ce, "Kaka, ai ba duk kyauta ce ƙugiya ba."
Ta ce, "Gaskiyarki. Amma da kifi ya iya karatu,
da masunci ya kwana da yunwa.
Goge wannan. Nemo wata, gobe mu karanta."

Muka ci ƙonannen wake, ba gishirin kirki.
Ta koma masaƙa, ƙafarta na taka itace,
ƙwas, ƙwas, har ƙarfe sha ɗaya.

Ni kuwa na kwanta da wayata a ƙirji,
manhaja sittin da biyu, na ƙirga,
ko ɗaya ban san alkawarin da na ɗauka ba.
Na ɗaga babban yatsana ga hasken fitila:
fes yake, ba ɗigon tawada,
kuma ban san gona nawa na bayar ba.