Dogon Tawa Bisa Ƙyaure

A Tawa ba a jin usur na jirgin ƙasa
sai a ɗakina.

Na cire tsohon ƙyauren zaure,
na kwantar da shi bisa tubali huɗu,
na ce masa: ka gama tsaron gida,
daga yau kai ne ƙasar Adar.

Shekara talatin ina gyaran rediyo a bakin kasuwa,
yatsuna sun saba da ƙaramin abu.
Da ƙarfen tsohuwar laima na ja dogo,
na jera tsinken ashana a ƙarƙashinsa,
ɗari bakwai da goma sha ɗaya.
Na ƙirga ne don Tsahara ta ce sai na biya ta.
Tsakuwa kuwa da rariyarta na tankaɗe,
wannan shari'ar har yau ba a yanke ba.

Taragun gwangwanin sardin ne,
in rana ta take sai su tuna teku.
Kan jirgin, injin kaset ɗin Mushe Illa,
ya kawo gyara bai dawo karɓa ba.
Allah ya jiƙansa, ga shi yana jan tarago shida.

Sabon abu maƙaryaci ne.
Ran da na shafa fenti, sai ya koma kayan wasan yara.
Na tauna goro, na ɗiga ruwan a gindin kowace ƙusa
har tsatsa ta yarda ta fito,
na goga baƙin tukunya a bakin bututu.
Kwana uku ina tsufar da tarago ɗaya,
ni da na tsufa ban sa hannu ba.

Ga Badagishiri nan inda sakata take a da.
Ga Galmi a kusurwa, buhunan albasa sun yi tuli,
jar dawa ce ƙulle cikin yagen gidan sauro.
Na tuge ciyawa, na juya saiwarta sama,
ta zama gawo.
Ban sa masa ganye ba,
don a ƙasata kullum damina ce.

Asumana mai shayi ya leƙo yana dariya,
wai dattijo da furfura yana rarrafe bayan gwangwani.
Dariyar ba ta kai ƙofa ba ya tsuguna.
Ya daɗe.
Sai ya ce, tasha ba mai shayi ai ba tasha ba ce.
Na gina shi da laka, da butarsa, da ɗan tumbinsa,
yanzu kowace Lahadi yana zuwa gaida kansa.

Akwai wani a bakin dandamali,
tsawonsa bai wuce ƙwayar wake biyu ba,
jaka a kafaɗa, fuska kudu.
Hamidin ke nan, ƙanena.
Tare muka hau jirgi a Wagadugu muna samari,
mun tafi biɗa Abija,
ya kwana da kansa a kafaɗata, ƙarfe na kiɗa ƙarƙashinmu.
Ni na dawo da akwatin sukurdireba.
Shi ya aiko wasiƙa huɗu,
ta biyar muke jira.

Jikana Nomau ya ɗora haɓa a bakin ƙyaure:
Kaka, ina za shi?
Na ce, Abija.
Ya bi shi da ido, ya wuce gada, ya ɓuya bayan dutsen kwali,
ya ɓullo ta gindin gawo.
Ya ce, to ai ga shi ya dawo.
Na ce, haka na gina shi.

In batir ya yi sanyi yakan tsaya tsakiyar gada,
sai in tura shi da ɗan yatsa,
ba fasinjan da ya taɓa yin ƙorafi.

Mai shayi, mai tuta, ƴan dako, jakin ruwa,
duk na manne su da ƙaro kada iska ta kayar.
Hamidin kaɗai ban manne ƙafarsa ba.
Tsahara ta lura, ran da take shara.
Ta ɗaga shi, ta hure wurin,
ta mai da shi
yana kallon gida.