Jan Biro

Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyarwa a Kumo,
aji biyar, ɗakin da tagarsa ke kallon bishiyar maina.
Da jan biro nake auna yara,
kamar mai awon masara da mudu guda:
wanda ya yi tozo in share,
wanda bai cika ba in yi tsaki.

Hajjo, 'yar mai gyaran rediyo,
bakinta ba ya zuwa hutu.
Na rubuta a katinta: Surutu ya yi yawa.
Sau huɗu na sauya mata benci,
kowanne ta mayar da shi dandali.
Na kai ta jikin bango,
sai na ji kamar bangon yana amsawa.

Bappayo kuwa yana can ƙurya.
Sai ka kira shi sau biyu
kafin ya ɗago daga kallon tururuwa
masu jan ƙwayar gero a tsagar siminti.
Na rubuta: Ba ya magana, a riƙa matsa masa.
Aka matsa.
Ya ƙara shigewa ciki kamar kunkuru.

Yila, ɗan Kaltungo da kawunsa ya riƙe,
kalma biyu ya haddace: Don me?
Ƙasa ce ke zagaya rana. Don me?
Fito ka durƙusa. Don me?
Rashin kunya, in ji jan biro.

Bara zazzaɓi ya kayar da ni.
Asibiti biyu, allura tara, jiki ya ƙi.
A Gombe wani mai farar riga ya ɗebi jinina,
ya shige ɗaki bai ce uffan ba.
Awa guda idonsa na kan madubin gwaji.
Ya fito da takarda, layi ɗaya a kanta,
abin da mutum biyar suka tsallake ya gani.
Sai da na kai ƙofa ya ce,
Malam, Bappayo ne.
Kalma uku, kuma sun ishe ni.
Ashe kallon tururuwar nan karatu ne,
ni ne ban iya duba shi ba.

Da na warke na bi ta Tudun Hatsi.
Tun daga bakin titi na gane muryar.
Waya a kowane hannu,
Fulatanci a kunnen dama, Turanci a na hagu,
tana ɗinke mai wake daga Dukku da mai tirela daga Aba.
Sun zo kowa fuska a murtuke,
sun rabu suna tafawa.
Abin da na yi ta yi wa bulala
shi ke ɗora tukunya a gida tara.

Shi Yila bai samu da sauƙi ba.
Ofis biyu suka sallame shi,
ya tambayi rasit abin da ba a tambaya.
Yanzu injin ban-ruwa yake gyarawa a Dadin Kowa.
Inji ba ya fushi in an ce masa don me,
buɗe cikinsa yake ya nuna.
Mun haɗu a tasha, ya gaishe ni a tsaye.
Ban ga laifinsa ba.

Ni ma ai da nawa halin:
mai son layi miƙaƙƙe, alli a jere,
kowa ya zauna yadda na zauna.
An ce hali zanen dutse.
Na ƙarar da ƙuruciyata da soso a hannu ina gogewa,
ban taɓa tsayawa na karanta zanen ba.

Jiya baƙi suka cika gida.
Jikata Dudu tana bayan randa,
tana jera marafan kwalba, ja da ja, kore da kore.
Uwarta ta ce, Baba, yi mata faɗa,
yarinya sai ka ce kurma.

Gwiwata ta yi ƙara da na tsuguna.
Na tsinci murfi ɗaya, shuɗi, na miƙa mata.
Ta juya shi, ta daɗe tana dubawa,
sannan ta buɗe masa sabon layi.