Sawun Mariri a Wadi Ashim

Mun bar Arada kafin ladan ya gyara murya,
ni da Sallau direba
da Wardugu mai gadin daji,
wanda ba ya amsa magana sai an maimaita.
Jarka huɗu ta ruwa, biyu ta gas,
safaya ɗaya mai faci uku,
da buhun dabinon da na zauna a kai ban sani ba.

Bayan rijiyar ƙarshe hanya ta ƙare,
ko sallama ba ta yi mana ba.
Sawun tayar da muke bi ya shige ciyawa
ya ɓace kamar wanda ake bi bashi ranar kasuwa.
Wardugu ya miƙa haɓa hagu,
Sallau ya karya kan mota hagu.
Haka muka yi ta tafiya, haɓa ce taswira.

Da hantsi yashi ya riƙe mu.
Taya ta shiga haƙa wa kanta kabari,
Sallau na zaginta da Larabcin Abeshe.
Ya rage mata iska, muka tona, muka tura,
ta fita, ta yi taku ashirin,
ta sake durƙushewa.
"Ku bar ta ta huce," in ji shi,
ya shige inuwar cikinta ya kwanta.

Sai muka taka da ƙafa.

Ƙarangiya ta karɓi harajinta tun daga bakin wando,
ta hau safa, ta bi igiyar takalmi.
Tuji ya tashi a gabanmu da ƙyar,
kamar attajirin da aka tasa daga tabarma.
Barewa uku suka dube mu
suka ga ba mu kai abin gudu ba.
Ruwan gorata ya yi zafin shayi,
na sha, na ji ƙarar maƙogwarona
don babu wata ƙara a duniyar sai ita.

Kakana Jatau majemi ne.
Har aka binne shi hannunsa na warin bagaruwa.
Ya ce a duk fatun da suka ratsa marinarsa
babu mai taurin kai irin ta wuyan mariri,
ta kwana arba'in a rami ba ta rusuna ba.
Ina yaro na ce, Kaka, yaya kamanninsa?
Ya daɗe yana kankare wuƙa.
Ya ce, "Ni fata ake kawo mini."

Wardugu ya tsuguna.
Kofato ne, mai faɗi, bakinsa bai rushe ba.
Ya murje kashin da ke gefe tsakanin yatsu,
ya shinshina,
ya ɗaga mini yatsa ɗaya: shiru.

Can gindin aduwa, bayan jigawa ta biyu,
su bakwai.
Farare, wuyansu ja kamar sun ratso kududdufin jar ƙasa,
ƙaho ya tafi baya, ya tafi, ya ƙi ƙarewa.
Ɗaya na ɗauke da abin wuyan masu bincike,
ɗan ƙarami a tsakiya, launin yashi, yana neman nono.

Na zo da shirin ganin ƙaho.
Ban zo da shirin wannan ba:
ƙuda ya sauka a wuyan babbar,
fatar ta girgiza da kanta
ta kore shi.

Na laluba waya, zafi ya kashe ta.
Na mayar aljihu.
Iska ta juya, babbar ta ɗaga hanci,
suka tafi ba gaggawa, kamar masu gida.

La'asar sakaliya muka iso mota.
Sallau ya hura gawayi, shayi na kan tafasa ta biyu.
"Kun gani?"
Wardugu ya ce, "Bakwai," ba a maimaita masa ba.

Ni ina zaune a kan safaya
ina cire ƙarangiya ɗaya bayan ɗaya,
yatsuna na jini kaɗan kaɗan,
ina neman yadda zan faɗa wa Jatau
cewa tana motsi.