Bishiya Uku Saboda Ganye Biyu

Ƙarfe biyun dare a Jekadafari.
Janareton maƙwabta ya yi shiru,
namu kaɗai ke tari a bayan ofis.
Ni da allo, da shayin da ya huce,
da saƙo dubu huɗu a kan layi,
kowa na jira a duba sa hannunsa.

Kuɗin wake ne daga Tudun Hatsi,
kuɗin riɗi daga Dukku,
kowanne a naɗe cikin XML,
baka ta buɗe, baka ta rufe,
ƙarama cikin babba, babba cikin babbarta,
kamar ƙoren da aka jera a rumfa.

Da la'asar Alhaji Gidado ya kira:
"Barira, direba na tsaye da buhu ɗari biyu.
Kuɗi sun fita, ba su iso ba.
Injin naku barci yake?"
Na yi shiru. Na san ba barci ba ne.
Cika ciki ne.

Haka muka gina shi bara, ni da Yila:
saƙo ya zo, mu dasa shi bishiya sukutum,
tushe da rassa, kowane ganye da sunansa,
har ganyen da babu mai tambayarsa,
duk mu jibga wa ƙwaƙwalwar na'ura.
Mu kwafe ta don daidaita tsari,
mu sake kwafewa don auna hatimi.
Bishiya uku saboda ganye biyu:
nawa ne, kuma na wa ne.
Daƙiƙa uku kowane saƙo.

Kakata a Kumo ba ta zazzage buhu
don ta san ko an taɓa shi.
Ɗinkin baki take bi da yatsa,
ta san zarenta, ta san ƙullinta.

Sai na bar saƙon ya gudana,
ina karanta shi yana wucewa,
lissafin hatimi na tafe tare da shi.
Reshen da aka nema shi kaɗai na tsirar,
sauran na riƙe adireshinsu,
wanda ya tambaya a kai shi.
Sunan da ya zo sau dubu
sau ɗaya na ba shi wurin zama.

Uku ta koma ƙasa da rabi.
Na yi wa kaina tafi,
ƙadangaren bango ne shaida.

Kafin in saki, na tuna jakar Yila,
wadda ya sa wa suna "mugaye".
Saƙonnin ƙarya ne da ya ƙera da hannunsa.
Na goma sha ɗaya ya wuce.
Ya wuce yana murmushi.
An ɗauke reshen mai hatimi an ɓoye a gefe,
an dasa wani a gurbinsa, na miliyan tara.
Na duba ɗinkin wani buhu,
na auna hatsin wani.
Kakata da ta ja mini kunne.

Na koma ciki.
Abin da hatimi ya rufe, shi za a karanta,
ba mai kama da shi ba, ba maƙwabcinsa ba.
Suna ɗaya a wuri biyu, a kore shi tun daga ƙofa.
Wannan ya ci mini ɗan lokaci,
rabin daƙiƙar ta cika, har ta ɗan gota.
Na biya, ban nemi ragi ba.

Na goma sha ɗaya ya dawo, ya tarar da ƙofa a rufe.

Ana kiran assalatu layin ya fara zaizayewa,
dubu huɗu, dubu ɗaya, ɗari bakwai, sittin.
Fankar na'ura ta sassauta murya.
Can Tudun Hatsi wata waya za ta yi ƙara
a aljihun mutumin da bai san sunan XML ba,
zai ce wa direba, "Ta da mota."

Na rubuta wa Yila: "Jakarka ta kama ni."
Na wanke kofi.
Man janareto saura kwata.