Mai Buga wa Yahuza

Shekara goma sha tara ina buga masa,
ni Asabe, a shagon nan na bayan Kongo,
tsakanin mai gyaran takalmi da mai awara.
Rubutunsa kamar kaza ta yi tono a yashi,
amma na iya shi,
har na san inda biro ya ƙare ya ari na wani.

Yahuza ma'aikacin ɗakin fayil ne a Shika.
Da rana ya jera sunayen masu jinya,
da dare ya hura wa wasu sunaye rai
a bayan takardun da ofis ya zubar.

Littafin farko dubu aka buga,
babur ɗinsa ya sayar ya biya maɗaba'a.
Ɗari uku suka shiga kasuwar Sabon Gari,
saura suka tare ƙarƙashin gado,
gara ta bi su bango zuwa bango.
Ya ce, "Alhamdu lillahi, na sami manazarta."

Na biyu ya jawo masa magana.
Kawunsa na Gyallesu ya rantse da Allah
shi ne dillalin filin nan na babi na shida.
Damina biyu bai amsa masa gaisuwa ba,
sai ga shi ya aiko yaro
a ba shi kwafi uku, zai kai wa surukai.

Na huɗu aka karanta a rediyo bayan isha'i.
Teloli suka riƙa tsayar da keke su kasa kunne.
Ɗalibai suka zo daga Samaru da rakoda,
suna tambayar me Kubanni ke nufi a aikinsa.
Ya daɗe yana kallon ƙasa.
Ya ce, "Ruwa ne.
Nan na koyi iyo, nan ƙanena bai koya ba."

Ina da laifi guda, bari in faɗa.
Akwai yarinyar da ya kashe a shafi na ɗari da tara,
ni kuwa na saba da ita,
sai na tsallake layin, na bar ta da zazzaɓi kawai.
Da ya zo duba gyara, yatsansa ya tsaya a wurin.
Na ji cikina ya ɗuri ruwa.
Ya ce, "To ke za ki ciyar da ita?"
Ya koma gida ya ƙara babi biyu.

Kuɗi? Kada ma a tayar da zancen.
Labarinsa na yawo a wayoyi an yanke sunansa,
wata ma ta turo masa, wai ya karanta ya ƙaru.

Yanzu yana ta rufe masa ido ɗaya,
ɗayan ma sai da rarrashi.
Jikarsa ke riƙo hannunsa daga Tudun Wada,
ya zauna a benci, ya jingine sanda,
yana faɗa ina bugawa.
In an ɗauke wuta sai mu jira,
shi da mutanensa, ni da yatsuna.

Jiya ya tsaya a tsakiyar jimla.
Na ce, "Malam, sai me?"
Ya ce, "Bari tukuna, Asabe,
mutumin bai gama ɗaura takalminsa ba."