Matakala Ɗari da Sittin

Ni ce Eloisa, 'yar mai kifi.
Shekara tara ina kankare ɓawo a bakin tekun Valparaiso,
wuƙa a dama, ƙarni a hagu,
sabulu ya gaji da ni, ni ma na gaji da shi.

Gidanmu na can ƙolin tudu,
matakala ɗari da sittin.
Na ƙirga su ranar da baba ya yanke jiki ya faɗi.
Motar asibiti ta tsaya a ƙasa,
don taya ba ta san hawan matakala ba.
Mutum biyu suka hauro da jaka da gadon ɗauka,
ni kuwa ina tsaye a kansa
da lafiyayyun hannuwa biyu
da ban san abin da zan yi da su ba.

Wannan rashin sanin ne ya kai ni makaranta.

Makarantar koyon sana'a, ajin dare,
bene na uku, tagar da ba ta rufuwa.
Da asuba kifi, da yamma littafi,
ina haddar sunayen ƙasusuwa a cikin bas,
gyangyaɗi na gwara goshina da gilashi.
Kuɗin zango kuwa bashin Nibaldo ne mai kwale-kwale,
kaɗan-kaɗan nake biya, bai taɓa tambaya ba.

Malaminmu Baltasar, gajere mai sanƙo,
ya tsufa a bayan mota mai jiniya.
Ya shimfiɗa mana mutumin roba a ƙasa:
"Danna talatin, hura biyu.
Ƙirji ba ƙwai ba ne, Eloisa, danna!
Haƙarƙari in ya karye yana ɗoruwa,
numfashi in ya tafi ba ya barin sallahu."

Jarrabawar farko na sha ƙasa.
Na ruga kan mai rauni, ban ga wayar lantarki
da aka ajiye gefensa da gangan ba.
Ya ce, "To, yanzu gawa biyu gare mu.
Sai watan gobe."
Na yi kukana a banɗaki, na wanke ido, na dawo.

Sannu sannu: ɗaurin karaya, laluben jijiya,
yadda ake cicciɓar ƙato ƙugu bai ƙage ba.
Hannun da ya saba zare ƙaya daga tsoka
bai yi wa allura gardama ba.

Sai watannin bin mota, ni ce ta uku,
mai riƙon jaka, mai rufe ƙofa.
Daren Laraba, ruwa kamar da bakin ƙwarya,
aka kira mu wani tudun, ba namu ba.
Ɗari da arba'in da biyu; bakina ya saba ƙirga.
Wata tsohuwa, Herminia, a ƙasan ɗakin girki,
ƙugu ya goce, tun rana take kwance.
Na durƙusa da duk abin da na haddace,
sai ta kama hannuna ta sunsuna.
Ta ce, "Ke 'yar bakin ruwa ce.
Mijina ma haka yake ƙamshi."
Ƙamshi ta ce.
Ban gyara mata ba.

Bugun jini, numfashi, ɗauri, bargo.
Ta ƙi a ɗaga ta sai na zuba wa kyanwarta abinci.
Muka sauko da ita taki ɗaya-ɗaya,
ruwa na bin wuyana, gwiwa na rawa,
na gaba yana ta cewa a yi hankali,
ita kuma tana ba ni labarin wani shuɗin kwale-kwale.

Ba wanda na ƙwato daga bakin kabari a daren nan.
Na dai ɗauki mutum, ban yar ba.

Takardar shaida sai baɗi, in na haye.
Kafin nan, kullum in zan hau gida
nakan tsaya a mataki na tamanin,
inda mutanen nan biyu suka tsaya mai da numfashi.
Na daɗe ina riƙe da su a zuci.
Yanzu na san nauyin jakar.