Sauyin Goyo

Ƙarfe biyu saura kwata, Garki ta yi barci,
ban da ɗakin nan na ƙarƙashin bene da bai san dare ba.
Fankoki na huci ba hutu,
sanyi ya fi na Bukuru da Rifkatu ke yawan yi mana gori da shi.

An ce mini: kada ka kashe ta.
Albashin mutum dubu arba'in ne ke ratsa cikinta,
malaman firamare, masu shara, direbobin asibiti,
da tsohon da ya ba gwamnati gwiwoyinsa ya karɓo fansho.
Ka zare mata kati, ka sa mata sabo,
amma kada ta farga.

Kati biyu gare ta, hanya biyu zuwa rumbu.
Ɗayan ya gaji,
yana yoyon saƙo kamar ƙwarya mai tsaga,
fitilarsa ta koma ruwan goro tun ranar Laraba.

Inna ta iya wannan aiki, ita da ba ta taɓa kwamfuta ba.
Na sha ganin ta tana sauya zanen goyo
ƙanena na barci a bayanta:
ta duƙa, ta tallafe shi da hannu guda,
ta kwance tsohon, ta jawo sabon,
shi ko yawun barcinsa bai yanke ba.

Na ɗaura igiya a wuyan hannu, na maƙala ta jikin ƙarfe,
don tartsatsin da ke ɓoye a fatata
ya bi ƙasa, kada ya bi kati.
Rifkatu na tsugune da laftof a cinya,
ta karkatar da kaya duka zuwa hanya ɗaya.
"Ta ɗauka," in ji ta. "Amma da ƙafa guda take tsaye, ka hanzarta."

Na miƙa hannu wajen na hagu.
Takardar da ke manne ta ce shi ne.

"Tsaya, Tanimu."

Ba ta ɗaga murya ba.
"Wa ya rubuta takardar nan? Ka san shi?
Bi wayar da yatsanka."

Na bi ta, siririya kamar tsinken tsintsiya,
ta bayan ƙarfe, ta ƙarƙashin 'yan'uwanta,
har ta kai ni inda ban zata ba.
Wani da ya bar aiki shekara uku da suka wuce
ya manna hagu a dama, dama a hagu,
ya tafi abinsa, wataƙila ma yana barci yanzu a Kubwa.
Saura ƙiris in sare ƙafar da ake tsaye a kai.

Zufa a cikin wannan sanyi.

Na kashe wutar gurbin, na jira ta mutu.
Na ɗaga sakata. Katin ya fito da ɗumi a tafina
kamar ƙwan da aka ɗauke kaza na kai.
Sabon ya shiga da ɗan ƙas!
Sai jira.
Ban san minti ɗaya na da tsawo haka ba.
Ruwan goro, ruwan goro, duhu,
sannan kore.

"Hanya biyu," in ji Rifkatu, ta rufe laftof,
ta zaro gyaɗa daga jaka ta ba ni rabi.
Ba wanda ya tafa. Wa zai tafa wa abin da bai faru ba?

Da safe a motar Mararraba, ina gyangyaɗi,
wayar matar da ke kusa da ni ta yi ƙara.
Ta duba, ta ja tsaki:
"Ya shigo dai. Ko buhun shinkafa bai kai ba."

Na gyara zama, na matsa mata wuri.
Tsohon katin na cikin jakata,
ya huce.